Na Dama Ya Daina Magana

Ranar Lahadi

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Mama? Ƙafar ta fara ɗaukarta kuwa tun bayan aikin da aka yi mata? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana yi mata addu'a. Ke kuma yaya gajiyar jinya? Na san halinki, sai kowa ya ci ya kwanta kafin ki tuna da kanki.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa, mu da kowa ke da waya a aljihu. Layin can naku ne ba ya fita sosai. Rabin maganarki ba na ji, sai in yi ta cewa me kika ce, har ki gaji ki ce a bari sai gobe. Wani direban garejinmu mai bin hanyarku ya ce zai riƙa miƙa miki takarda a tasha, shi ya sa na nemo biro.

Gida lafiya. Auta ta kira daga makaranta, sun fara jarrabawa. Shukokinki na bayan kicin ina ba su ruwa, ɗaya ne kawai ya yi yaushi, kuma ba laifina ba ne. A gareji aiki ya yi yawa, motoci huɗu suka shigo a mako guda.

Alƙawarin da na ɗauka a gabanki da gaban likita ban karya ba. Kullum bayan asuba ni da Dogo maƙwabcinmu muna zuwa filin makarantar nan, mu zagaya sau shida, mu dawo ta bakin titi. Hawan jinin ya fara sauka. Sai dai gudu abu ne mai gundura, Maman Auta. Ba abin da mutum ke ji sai hakinsa da ƙarar gwiwarsa. Na ga masu zuwa filin kowa da iyafis a kunne yana sauraron abinsa, sai na sayi wani a bakin hanya. Kin san ni da gumi, ke da kike wanke rigunana. Kwana tara ya yi ya mutu. Da na duba wurin cajinsa har ya yi tsanwa.

Auta ce ta ce in je layin masu waya da ke bayan babbar tasha, in nemi wanda aka yi don masu motsa jiki. Na shiga wani shago mai ƙofar gilashi. Mace ce ke tsaronsa, ba yarinya ba, za ta yi sa'ar ƙanwarki, tana sanye da tabarau. Ta zauna da ni kusan rabin awa, ba ta nuna ƙosawa ba. Ta nuna mini wata lamba a bayan kwali, ta ce ita ce ke faɗin yadda abu yake jure ruwa: mai huɗu yana ɗaukar gumi da yayyafi, mai bakwai ko ya faɗa bokiti zai tashi. Ta ce gishirin gumi ya fi ruwa ɓarna, don haka in riƙa gogewa da ƙyalle in bar shi ya sha iska kafin in mayar da shi gidansa. Ta jera mini iri uku a kan gilashi. Akwai mai toshe kunne, akwai mai ƙugiya da ke zagaya bayan kunne don kada ya faɗi, akwai kuma wani da ba ya shiga kunne sam, a kan ƙashin gefen fuska yake zama. Shi ta fi so in ɗauka, tunda muna bin titi, don in riƙa jin mota. Na ce mata shekara talatin ina sauraron inji, ba a banza ake ce mini Mai Kunne a gareji ba, na san sauti mai kyau. Ta sa mini ɗaya na mai ƙugiya a kunnen hagu, na ji shi raɗau, na ce shi nake so.

Washegari a fili, na hagu yana magana sosai, na dama kuwa kamar daga cikin rijiya. Na ce gumi ya shige shi. Na mayar. Ta sa a kunnenta ta ce ita dai tana jin duka biyun, amma ta canza mini sabo ba tare da musu ba. Shi ma haka ya yi.

Jiya Asabar na koma karo na uku, kuma wannan ne abin da ya sa ni zaman rubutu. Shagon cike yake da mutane. Ta sake gwadawa, ta dube ni, ta ce in ɗan matso gefe. Ta rage murya ta ce, Yallaɓai, ko za ka gwada na daman a kunnenka na hagu? Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce ni za ta mayar sakarai? Na ce na san irinsu, suna cire na asali daga kwali su sa jabu, su sayar da na asalin a gefe. Na faɗa na maimaita, har mutanen shagon kusa suka leƙo. Mai shagon ya fito daga ciki yana ba ni haƙuri, ya ɗauko wani na kamfani daban ya miƙa mini da hannunsa. Ita kuwa tana tsaye a gefe. Ta cire tabaranta tana gogewa da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Na san abin da za ki ce, kin sha faɗa mini bakina ya fi ni sauri. Da gaskiyata dai, abu biyu a jere ba sa aiki. Amma tun jiya abinci bai yi mini daɗi ba, kuma na kasa gaya wa Dogo. Ke kaɗai na gaya wa.

Ki kula da kanki. Ki gaida mutan gidan gaba ɗaya.

Mijinki,
Baban Auta


Ranar Juma'a

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mama da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Direba ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kuma ya gan ki kin rame. Don Allah ki riƙa cin abinci.

Ban jira amsarki ba, don abin da ke cikina ba zai jira ba. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Wanda mai shagon ya ba ni da hannunsa, shi ma na damansa bai yi magana ba. Ranar Laraba na biya shagon bayan an tashi aiki, da niyyar in yi maganar a hankali wannan karon. Na tarar da wani mutum a inda take tsayawa. Mai shagon ya tare ni da fara'a, ya ce in kwantar da hankalina, ya sallame ta tun ranar Litinin. Ya ce bayan maganata har mutum biyu sun dawo da kayansu a bincika musu, shi kuma ba zai bari sunan shagonsa ya ɓaci ba. Iyafis ɗin yana aljihuna, hannuna a kansa. Ban fito da shi ba. Na ce masa na biyo ne kawai mu gaisa, na fita.

Jiya na tafi fili kunne ba komai. Dogo yana gefena na dama. Muna zagaye na huɗu sai na ga ya tsaya cak. Na dawo na same shi ya riƙe ƙugu, idonsa ya yi ja. Ya ce tun zagaye na biyu yake ba ni labarin an kwantar da yayansa a asibiti, likitoci sun ce a kira 'yan uwa, ni kuwa ko waiwayowa ban yi ba. Ya ce in ya yi mini wani laifi ne in faɗa masa. Wallahi, Maman Auta, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ga kamar bakinsa na motsi, na ɗauka haki yake yi.

Daga nan ko gareji ban je ba, na wuce asibiti, aka tura ni ɓangaren kunne. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki mai bangon katifa, suka ɗora mini babban abin sauraro a kai, suka ba ni maɓalli suka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. A hagu na danna sau da yawa. Da aka koma dama na zauna ina jira su fara. Ta gilashi na ga mai gwajin tana rubutu, ashe har sun gama.

Likitan ya ce kunnena na dama ya tafi sosai, kuma ba jiya ya fara ba, shekaru ya ɗauka yana tafiya. Na hagun ma ya soma bin sa. Ya tambayi aikina, da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma za a iya tsare abin da ya rage, kuma akwai na'urar da za a sa mini. Kin ga ke nan layinku lafiyarsa ƙalau.

Yanzu saura abin da ya fi nauyi. Na rubuta miki cewa da gaskiyata. Ƙarya na yi miki. Ranar da na biyun ya ƙi, na dawo gida na zauna a bakin gado ina cire takalmi, sai na ɗauki na daman na kara a kunnen hagu. Ya yi magana tas, har na ji numfashin mai karanta labarai. Na riƙe shi a hannu na ɗan lokaci, sannan na ce wa kaina ai ya bushe ne shi ya sa, na jefa shi cikin kwali na rufe. Kwana biyu bayan haka na je na tsaya a gaban matar nan. Abin da ta ce in gwada, na riga na gwada, na kuma san amsar. Shi ya sa na yi ihu. Ta taɓa abin da nake ɓoyewa ne, a hankali, a gefe, don kada mutane su ji, ni kuma na kira ta ɓarauniya yadda kowa zai ji.

Kin san abin da kunnen nan yake a wurina. Ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da nake da shi ke nan, a tayar da mota in tsaya in ce ga inda ciwon yake tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. Da shi na riƙe gida, da shi Auta take makaranta. Na ji tsoro. Amma tsorona bai ba ni ikon raba wata da abincinta ba, ba na faɗa miki wannan don in wanke kaina.

Ke ma akwai hakkinki a kaina. Shekara nawa ina ce miki kina magana ciki-ciki, ki buɗe baki? A mota ke kike zama ta damana. Ranar da na kai ki tasha na ga kin yi magana kina kallon taga, na yi shiru, daga baya na ga kina share ido. Na ɗauka kukan rabuwa ne. Yau na san wani abu kika faɗa mini ban ji ba. Don Allah ki rubuto mini abin da kika ce.

Na je na duba yayan Dogo da yamma, na kuma gaya wa Dogo komai. Bai yi mini dariya ba. Gobe zan koma wurin mai shagon, ko da yake ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ki yafe mini. Ki gaida Mama, amma kada ki gaya mata tukuna.

Mijinki,
Baban Auta


Ranar Alhamis

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso ranar Litinin, na gode. Na ji daɗi da kika ce Mama ta taka har bakin ƙofa da sanda. Allah ya ƙara mata lafiya, ke kuma ya ba ki lada.

Na karanta abin da kika ce kin faɗa a mota. Kin ce kina tsoron Mama ba za ta tashi daga wannan ciwon ba, kuma ba ki taɓa furta wa kowa ba sai ni. Ni kuma na yi shiru har muka wuce gidan mai, sannan na tambaye ki ko kin rufe tagar kicin. Na ninke takardar na fita tsakar gida na daɗe a tsaye. Wata biyu kina can da wannan a ranki, kina amsa wayata kina tambayata ko na ci abinci. Kin kuma tuna mini sau biyu kin taɓa cewa in je a duba kunnena, na ce miki kunnen da ke ciyar da gidan nan ba ya buƙatar likita. Na tuna. Har tsayuwar da na yi lokacin da nake faɗa na tuna.

Ga abin da ya faru a nan. Ranar Asabar na je wurin mai shagon na nuna masa takardar asibiti, na ce kayansa lafiya lau, ma'aikaciyarsa ma ba ta yi komai ba. Ya kalli takardar ya kalle ni, ya ce to yanzu me nake so ya yi, ya riga ya ɗauki wani, kuma ɗan abokinsa ne. Na roƙi lambarta, ya ce ya goge. Ina fitowa sai mai gyaran agogo da ke zama a bakin layin ya yafito ni. Ashe yana nan ranar da na yi abin. Ya ce in ita nake nema, tana taya ɗan'uwanta aiki a wani shagon buga takardu kusa da kotu. Ya faɗa yana kallon agogon da ke hannunsa, bai ɗago ya dube ni ba.

Sau biyu na wuce ƙofar shagon kafin in iya shiga. Ɗan ƙaramin wuri ne, inji biyu da tarin takardu, da zafi. Tana tsaye tana jera shafuka. Da ta gan ni hannunta ya tsaya. Na yi sallama, na fara magana, injin yana ta ƙara. Sai ta miƙa hannu ta kashe shi, ta jawo mini kujera.

Na gaya mata duka, har da abin da na yi a bakin gado. Na so in tsallake wannan, amma na tuna ke na riga na gaya miki, in na ɓoye mata na sake yin wata ƙaryar ke nan. Ta saurara har na gama. Ta ce ita tun zuwana na biyu ta gane, saboda yadda nake juya fuska in ba ta gefen hagu idan tana magana. Mahaifinta ya yi aiki a masaƙa shekara da shekaru, haka ya riƙa yi kafin ya rasu, shi ma har ya bar duniya cewa yake mutanen yanzu ba sa buɗe baki. Ta ce shi ya sa ta canza mini na farko ba musu, ta ga babba ne, ta ce bari ya gano da kansa.

Na ce ta yafe mini. Ta ce yafiya mai sauƙi ce, ta yafe. Amma ta ce shekararta bakwai a layin nan, kowa ya san ta, har ajiyar makullan shago ake ba ta. Bayan an sallame ta ta nemi aiki a shago uku, duka suka ce sun ji abin da ya faru. 'Ya'yanta biyu, kuma babbar ta ji maganar a bakin wata a makaranta. A nan ta juya tana gyara takardun da ta riga ta gyara. Na ce me zan yi. Na fara cewa ko in taimaka mata da wani abu kafin ta samu aiki, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, Yallaɓai, a gaban mutane ka faɗa, nan kuwa daga ni sai kai.

Shago goma sha tara ne a layin, na ƙirga. Ranar Talata na nemi izini a gareji, na sa kaya masu kyau, na fara daga na farko. Kowanne na shiga sai in yi sallama in ce ni ne mutumin da ya yi wa matar shagon gilashi ƙazafi, kayanta ba su da laifi, kunnena ne ya mutu, kuma na sani lokacin da nake faɗa. A shagon farko muryata ko fita ba ta yi sosai, sai da mai shagon ya ce in maimaita. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wata mata ta ce ai ita dama ba ta yarda ba, alhali an gaya mini tana cikin waɗanda suka hana ta aiki. Wani ya zagayo ta damana ya yi mini ihu a kunne, abokansa suka fashe da dariya, na tsaya har suka gama. Wajen shago na goma labari ya riga ni isa, ina shiga ake ajiye abin da ake yi ana jirana. Rigata ta jiƙe sharkaf, ko a fili ban taɓa yin gumi irin na ranar ba.

Shagon gilashin na bari ƙarshe. Da mutane a ciki kamar wancan karon. Na tsaya daidai inda na tsaya na faɗa da ƙarfi, don da ƙarfi na yi na farkon. Na ajiye iyafis ɗin a kan gilashi na ce duk mai so ya gwada. Wani dattijo ya ɗauka ya sa, ya ce duka biyun suna yi. Da na fito, mai gyaran agogo ya matsa mini a bencinsa, ya miƙo mini ruwa.

Ban san ko hakan zai dawo mata da wani abu ba. Yau kwana biyu ban ji komai ba. Yayan Dogo ya rasu jiya da safe, mun kai shi. Ki kira matar Dogo ki yi mata gaisuwa.

Ki gaida Mama. Yanzu kina iya gaya mata.

Mijinki,
Baban Auta


Ranar Laraba

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Mama da duk mutan gida. Na ji an ce ƙarshen wata za ki dawo, har na fara share-share, kada ki zo ki ce na mayar miki da ɗaki gareji.

Matar ta samu aiki. Mai shagon gilashi ya aika mata ta dawo, ta ce ta gode, ba za ta koma wurin da ba a tambaye ta ko kalma ɗaya ba kafin a sallame ta. Wani shago da ke fuskantarsa ne ya ɗauke ta, ta fara ranar Litinin. Na biya na yi mata murna. Ta amsa gaisuwata da mutunci, ba ta yi mini fara'a sosai ba, ban kuma sa ran za ta yi ba. Na gaya mata likita ya hana ni toshe na hagun da sauti, ta ce to in bar sayen komai sai an sa mini na'ura an ga yadda za ta zauna. Iyafis ɗin yana nan cikin kwali na ajiye wa Auta.

Saura gareji, wanda na fi jin tsoro. Jiya na shiga ofishin manaja na ajiye masa takardar asibiti, na ce in zai sauke ni daga shugabancin makanikai ba zan ga laifinsa ba. Ya karanta, ya aika a kira mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, abokin aikina na shekara ashirin, wanda kika sani. Suka dubi juna. Mai wayarin ya sosa ƙeya ya ce, Mai Kunne, ai mun fi shekara da sani. Ashe duk motar da na saurara na ce ta yi, sai ya jira na shiga wanke hannu ya sake tayar da ita ya saurara. Sau uku ya kama abin da ya wuce ni, ya gyara, bai gaya wa kowa ba sai manaja. Direbobi ma sun sani, har da wanda ke kai miki takardun nan. Duk wannan lokacin ina yawo a cikinsu ina bugun ƙirji, su kuma suna lallaɓa ni. Na rasa inda zan sa fuskata. Na tambayi mai wayarin me ya hana shi gaya mini, ya ce ya ga yadda nake yi wa wanda ya gwada.

Manaja bai sauke ni ba. Ya ce hannuna da idona suna nan, saurare kuma daga yau mu biyu za mu riƙa yi a fili, ba a ɓoye ba. Ya ba ni abin rufe kunne irin na masu aikin inji. Yau na wuni da shi a kai, ba wanda ya yi dariya sai ni da na ga kaina a madubin mota.

An ba ni ranar uku ga wata don gwajin na'urar. Na roƙi a ɗaga zuwa biyar don ki dawo ki huta tukuna. Ina so ki raka ni, ki shiga da ni har gaban likita, ki ji duk abin da zai ce. In mun fito kika ga na fara musu, ki maimaita mini, da ƙarfi in ta kama. Ba zan ce kin yi mini tsawa ba.

Allah ya dawo mini da ke lafiya.

Mijinki,
Baban Auta